Ƙafafun da Ba Sa Jin Duka

Ranar da Dogo ya fara dukan yayarsa, a ƙafa ya dake ta, kuma wannan ne ya ba shi bakin magana.

"Ai ba kya ji a nan," ya ce yana huci, wayar wuta naɗe a hannunsa. "To kukan me kike yi?"

Ta nan kam ya faɗi gaskiya, ba ta ji. Daga ƙugu zuwa ƙasa, Yaya ba ta san zafi ba, ba ta san sanyi ba. Tana zaune a ƙasan ɗakinta kusa da keken ɗinkinta na hannu, tana kallon waya na sauka a ƙwaurinta, tana jin ƙararta fat, fat, kamar ana kakkaɓe katifa. Laifinta kuwa ta jiƙa shimfiɗa. Banɗakin gidan yana da tudu a bakin ƙofa, keken guragu ba ya hawa, sai an ɗauke ta. Tun da safe take kiran Dogo, ya ce yana zuwa, ya sa takalmi ya fita, bai dawo ba sai da rana ta take.

"Dogo, ni kake duka?" ta ce. "Ni yayarka?"

"Ni ba ke nake duka ba. Waɗannan nake duka, su da suka hana ni sakat."

Matar Dogo tana tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu. Da ya fita ta shigo ta ajiye abincin, ta tattara shimfiɗar da yatsa biyu. "Yaya, ki yi haƙuri, gajiya ce. Kin san yau ma daga aikin majalisa yake."

To, bari in gaya muku mene ne aikin majalisa, don ku san irin mutumin da ake magana. Naƙasassun unguwar suna da ƙungiya, ƙungiyar tana da majalisa ta 'yan sa-kai, babu mai karɓar albashi. Su ne masu zuwa ofisoshi su yi ta surutu har a gyara hanya. Su ne kuma masu shiga gida su fito da gurgu ko makaho ko kurma da danginsa ke gallaza wa, su kai shi ɗakin mafaka da wani asibiti ya ba su aro a bayan gininsa, a yi masa magani, ya zauna har a samo masa mafita. Yaya tana da kujera a majalisar, ita ce wakiliyar mata. Amma fa wurin zaman majalisar a saman bene yake. Wani mai sayar da kayan gini ne ya ba su ɗakin saman shagonsa kyauta, ga matakala siririya mai tsayi, kuma abin kyauta ba a cika yi masa ƙorafi ba. Saboda haka duk ranar zama Dogo ne ke durƙusawa a gindin matakala, Shugaban majalisar ya ajiye sandunansa ya hau bayansa, a kai shi sama, a dawo a ɗauki na gaba. Dogo lafiyarsa ƙalau, amma an ba shi kujera a majalisar saboda wannan bayan nasa. Mutanen da aka ceto daga gidajen azaba ma a gadon bayansa suka fito. Duk unguwar idan uwa za ta yi wa ɗanta faɗa a kan zumunci, da Dogo take misali.

Daga ranar nan waya ta samu wurin zama a kan ƙusa, a bayan ƙofar ɗakin Yaya. In ya dawo bayansa na ciwo, ƙafafu ne za su biya. In ta kira shi yana cin abinci, ƙafafu. In ta yi shiru ba ta kira ba har ta ɓata jikinta, ƙafafu. Bai taɓa kai hannu sama da ƙugu ba, kuma wallahi yana alfahari da hakan. Ya taɓa ce wa matarsa a tsakar gida, da ƙarfi don Yaya ta ji, "Ni ina da tausayi. Wani ne da fuska zai nufa."

Abin da bai sani ba, ko ya sani bai damu ba, fatar da ba ta jin zafi ita ma tana fashewa. Yaya ba ta gane ta samu rauni sai ta ga jini a zaninta. Takan wanke da ruwan gishiri, ta yage ƙyallen ɗinki ta ɗaure. Kafin wancan ya rufe, wani ya buɗe a kansa. Na ƙwaurin hagu ya ƙi rufewa sam, bakinsa ya yi baƙi, ya fara ruwa. Ƙudaje ne suka fara sanar da ita. Ta ce da Dogo ya kai ta asibiti, ya ce in likita ya tambaya me za ta ce ya same ta. Maganar asibiti ta mutu a nan.

Wata rana Malama ta zo da yadi a ɗinka mata riga. Malama tsohuwar malamar makaranta ce da idanunta suka tafi, ita ma tana majalisa, ga ta da baki ba ta tauna magana, Tela take kiran Yaya saboda ɗinkinta. Tana zama ta ɗaga hanci.

"Tela, me ya mutu a ɗakin nan?"

"Ɓera ne, Malama."

"Ɓeran gidanku. Matso nan."

Ta laluba har ta kama ƙafar, ta bi ta da yatsu daga gwiwa zuwa idon sawu, tana taɓa kowane tabo, har yatsanta ya nutse a cikin ƙyallen da ya jiƙe. Ta janye hannu ta yi salati.

"Wa ya yi miki wannan?"

Yaya ta ji kunya ta rufe ta, irin kunyar da ba ta san dalilinta ba, sai ka ce ita ta yi dukan. Ta faɗa da ƙyar. Malama ba ta tsaya awon riga ba, ta ɗauki sandarta ta nufi gidan Shugaba.

Ga amsar da ta dawo da ita. Majalisa tana da doka: mai ƙara shi zai zo da kansa, ranar zama, ya faɗi ƙararsa da bakinsa a gaban kowa. Dokar ba ta mugunta ba ce, su da kansu suka kafa ta, domin sun gaji da dangi masu zuwa su yi magana a madadin naƙasasshe yana zaune kamar kaya. Yaya ma ta ɗaga hannu ranar da aka amince da ita. Shugaba ya ce shi ba zai karya doka don mutum ɗaya ba, balle ƙarar da ta shafi ɗan majalisa. Ta zo ta faɗa, za a saurare ta.

"Ta zo a bayan wa?" in ji Malama.

Shugaba ya ce wannan kuma ba ya cikin doka.

Kafin rana ta faɗi magana ta kai kunnen Dogo, don Shugaba da kansa ya kira shi ya ce ya je ya lallashi yayarsa, kada a ji su a waje. Lallashin da ya yi ke nan: ya shigo, ya ɗaga Yaya daga keken guragunta ya dire ta a ƙasa, ya fita da keken ya cilla shi saman rufin banɗaki. Ya dawo ya duba ƙusa, ya ga waya ta yi masa kaɗan, ya fizgo ƙarfen labule.

"Ni za ki tona wa asiri? Ni da nake kwashe kashinki?"

Ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu. Yaya ta kare da hannunta, ya ture hannun da ƙafa, don shi har yanzu mai tausayi ne, ba ya dukan inda ake ji. Ya yi ta sauke mata a ƙwauri, gyambon ya fashe ya fantsama a jikin keken ɗinki. Can sai ta ji ƙas, ƙara ƙarama. Ta duba ta ga tafin ƙafarta ta hagu ya juya yana kallon bango. Ba ta ji komai ba, kuma wannan rashin jin ya fi komai tsorata ta. Ta yi ihu har muryarta ta dushe.

Maƙwabta sun ji. Sun ce ai mai lalura sai haƙuri, wani lokacin ciwon har kai yake taɓawa.

Matar Dogo ce ta shigo bayan ya fita, ta miƙe ƙafar, ta ɗaure ta da tsumma tana kawar da fuska. "Yaya, ke ma dai da baki. Da kin yi shiru da duk haka ba ta faru ba. Ni me zan ce, tsakanin ɗan'uwa da 'yar'uwa?"

Zazzaɓi ya sauko mata. Ƙafar ta kumbura ta yi sulɓi, baƙin ya fara hawowa sama yana neman gwiwa. Masu kawo ɗinki suka daina shigowa, matar Dogo na tare su a ƙofa ta ce Yaya na barci. A zaman majalisa Dogo ya ba da uzurinta, ya ce jiki ne ya motsa, aka yi mata addu'a. Yaya tana kwance tana kallon baƙin nan, ta gane in ya wuce gwiwa ba asibiti za a kai ta ba. Ɗakin mafaka take so, da likita, da ƙofar da Dogo ba shi da mabuɗinta.

Ranar zama na gaba, da Dogo ya fita bayan azahar, ta kifa ciki ta fara jan jiki da gwiwar hannu. Ta ratsa tsakar gida, ƙafafun na biye da ita. Matar Dogo tana wanki, ta ɗago suka haɗa ido. Ta daɗe tana kallonta, kumfa na ɗiga daga hannunta. Sai ta tashi ta zare sakatar ƙofar gida, ta koma ta juya baya.

"Ni dai ban gan ki ba," ta ce da bokiti.

Wani mai baro ne ya tsince ta a bakin kwata. Ya ɗora ta a kan buhunan da ya shimfiɗa, ya tura ta har ƙofar shagon kayan gini yana toshe hanci da wuyan rigarsa. Ya ce zai kai ta sama, ta ce a'a, ya gode. Ta gaji da bayan mutane. Ta juya ta zauna a matakalar farko, ta dafa ta sama da ita da tafin hannu biyu, ta ɗaga jikinta. Haka ta yi ta hawa da baya, ƙafafun na bugun kowace matakala, tana barin sawu ja da rawaya a kan siminti. A tsakiya ta yi amai. Tafin hannunta ya tsage. Tana jin muryar Shugaba daga sama yana bayani a kan yadda wani ofishi ya ƙi yi wa guragu hanyar shiga.

Da ta turo ƙofa da kafaɗa idanu suka juyo kanta.

"Na zo da kaina," ta ce. "Ga bakina. Ina ƙarar Dogo."

Ba ta tsaya dogon bayani ba, ta kwance tsumman. Wani kurma da ke kusa da ita ya miƙe ya koma bakin taga. Wata mai sanda ta fashe da kuka. Warin ya cika ɗakin, babu mai buƙatar a fassara masa.

Dogo ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ciwon kwanciya ne. Kowa a nan ya san yadda jikin irinsu yake."

"Ciwon kwanciya ne ya karya mini ƙashi? Ka faɗa musu ƙarfen labule, Dogo. Ka faɗa musu inda kekena yake."

Taku biyu ya yi ya iso gare ta, ya ɗauke ta da mari, kanta ya bugu da ƙofa. Wannan karon ta ji. Leɓenta ya fashe, kunnenta ya ɗauki ƙara. A gaban majalisar kare haƙƙin naƙasassu aka yi wannan, ido na ganin ido.

"Kai, kai, Dogo, a'a," in ji Shugaba. "Zauna. A yi haƙuri. Rai ne ya ɓaci."

Malama ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce a cire Dogo daga majalisa yanzu, a kai Tela ɗakin mafaka yau, a kira 'yan sanda. Ta ce an yi wa wasu haka a kan abin da bai kai rabin wannan ba. Shugaba ya gyara zama, ya share gumi, ya fara jero dalilai. Ya ce Dogo ya yi wa ƙungiyar nan hidimar da ba ta da iyaka. Ya ce in magana ta fita, ofisoshin da suke matsa wa lamba za su samu abin dariya. Ya ce ɗakin mafaka an yi shi ne don waɗanda ba su da kowa, ita kuwa tana da ƙane. Ya ce mai jinya shi ma mutum ne. Duk ya faɗa, sai abu ɗaya da bai faɗa ba, amma idonsa ya faɗa, domin sau da yawa yana kallon ƙofar matakala yana kallon sandunansa.

Aka ce a ɗaga hannu. Mai ƙara ba ta da ƙuri'a. Malama ta ɗaga nata sama sosai, ta jira.

"Hannu nawa ne a sama?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Mai sandar nan da ta yi kuka tana kallon cinyarta.

"Na ce hannu nawa ne?"

"Naki ne kaɗai, Malama," in ji Yaya.

Aka kafa ƙaramin kwamiti da zai binciki lamarin ya kawo rahoto a zama na gaba. Kafin nan, kowa ya koma inda ya fito. Aka shafa addu'a. Dogo ya je bakin matakala ya durƙusa, Shugaba ya hau. Ya sauke su ɗaya bayan ɗaya, yana taka sawun jinin yayarsa, kowa na ce masa sannu. Malama ta ƙi motsi, ta ce Tela ta zo su tafi gidanta ko a ƙasa su kwana. Amma ta ina? Yaya ta gwada dafa ƙasa, hannun ya lanƙwashe, ƙarfin ya ƙare a hawa.

Dogo ya dawo, ya juya mata baya ya durƙusa. "Hau, Yaya."

Ta hau. Ta zagaye wuyansa da hannuwanta. Suna tsakiyar matakala, inda na sama ba ya ji na ƙasa ba ya ji, ya ce a hankali, "Yau ba ƙafa zan taɓa ba."

Ta san da gaske yake. Ta hango hasken titi a ƙasa, 'yan majalisa na hawa kekunansu, mai shago na tsaye da masu sayen siminti, har wani na cewa Allah ya ba mu ƙane irin wannan. Daga nan zuwa gida babu wanda zai tsayar da shi. Ta jira har ƙafarsa ta taka ƙasa a gaban kowa, sannan ta ƙanƙame wuyansa ta kafa haƙora a kunnensa na dama.

Dogo ya kurma ihun da aka ji har ƙarshen layi. Ya yi ta juyi yana dukanta da gwiwar hannu, ya buga bayanta da bango, ya sake bugawa, ba ta saki ba. Jininsa ya cika mata baki, ɗumi da gishiri. Maza suka taru suna ɓamɓare yatsunta. Da aka raba su, rabin kunnen yana bakinta. Ta tofar a kan buhun siminti.

"Ku kira 'yan sanda," ta ce. "Na ciji mutum. Ku kama ni."

Ai kuwa aka kira, kuma babu wanda ya ce a jira zama na gaba. Nan a bakin titi, a tsaye, majalisa ta yi zaman gaggawa, hannuwa suka tashi sama rututu, aka kori Tela daga kujerarta saboda cin zarafin ɗan majalisa. Mutanen da suka ga karyayyar ƙafa suka ce sai an yi bincike, su ne suka ga rabin kunne suka yanke hukunci kafin jinin ya bushe. Ban ce mugaye ba ne. Tsoro ne, tsoron wa zai hau da su gobe, amma wallahi tsoron da zai sa ka mayar da 'yar'uwarka hannun mai karya ta, ban san me ya raba shi da mugunta ba.

'Yar sandar da ta zo ɗaukar ta ta ɗaga zanin, ta saki da sauri, ta ce wa direba asibiti za su, ba ofis ba. Likita ya yanke ƙafar hagu daga saman gwiwa. Ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da ba ƙafa ake magana ba.

Yaya ta farfaɗo a gado mai farin zani, a ɗakin da ake kulle ƙofarsa, ga 'yar sanda a bakin ƙofa tana gadinta. Rabonta da barci irin na kwanakin nan har ta manta. Sai wata safiya 'yar sandar ta shigo da fara'a.

"Yaya, albishirinki. Shugabanku ya zo da ƙanenki. Ƙanen naki ya ce ya yafe miki, ya janye ƙara. Kowa a ofis sai yaba masa yake. In an sallame ki shi zai zo ya ɗauke ki, ku koma gida."

Yaya ta kalli inda zanin ya kwanta shafe a gefen hagu, ta kalli ƙafar da ta rage.

"To ki faɗa masa ya zo," ta ce. "Ai da sauran kunne ɗaya."

'Yar sandar ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta dubi fuskar Yaya da kyau, dariyar ta koma. Ta tura ƙofa ta rufe, ta jawo kujera kusa da gadon ta zauna.

"Fara mini daga farko," ta ce. "Wa ya karya ƙafar?"